Wa Ke Jiranki a Ƙetare

Tun ina yarinya Allah ya yi ni da son labari, ya kuma yi ni da baki. Innata takan ce da baki gona ne da ba mu taɓa sayen hatsi ba. Da aka kawo ni gidan miji a Madarumfa, ƴan shekaru bayan tafiyar Faransawa, ban daɗe ba na gano inda ake zuba labari a garin. Gindin wata kuka ce a bakin tafki, inda mata ke bandar kifi. Can na koyi feɗe tarwaɗa, can hayaƙi ya mayar da idona ja, can kuma na san mai fito.

A lokacin babu gada kusa da mu. In damina ta sauka gulbi ya kawo, duk mai son ƙetarewa sai ya nemi masu fito. Ba jirgi gare su ba, gora ne, ƙato mai faɗin baki wanda mutum ɗaya ba zai iya rungume shi ba. Kayanka a zuba ciki, jariri ma ciki ake kwantar da shi a kan zane. Kai kana wannan gefe, mai fito yana wancan, ya riƙe tsintsiyar hannunka ka riƙe tasa, goran a tsakaninku. Shi yana harba ruwa da ƙafa yana kallon gaba, kai kana tafiya da baya kana kallon gaɓar da ka baro. Wanda bai iya iyo ba, ransa duka yana cikin wannan riƙon.

Cikin masu fiton akwai wani dattijo siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ba mata, ba ɗa, ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Yara na binsa don goruba. Kowa Baba yake ce masa, ni kuwa amarya yake ce mini har bayan na haihu. In ruwa ya ja baya ba aikin yi, sai ya zo gindin kukar nan ya zauna a kan turmi ya yi mana tatsuniya da rana tsaka, abin da iyaye suka hana. Aka ce masa mai tatsuniyar rana ɓata yake yi a kasuwa, ya ce shi da ke wuni cikin ruwa ina ruwansa da kasuwa.

Da ya ce, “Gatanan gatananku,” ni ce nake riga kowa amsawa, “Ta zo mu ji ta.” Tatsuniyoyinsa ba irin na namun daji da muka taso da su ba ne. Shi da muryar gulbi yake magana.

“Ni Gulbi,” haka yake farawa, “ba ni da gaggawa. Mutum ya zo bakina ya tuɓe takalmi, ni ina kallon shi. Ba kowa nike so ba. Mai dangi, wanda aka aje ma tuwo, mi zan yi da shi? Kuka gare shi da yawa. Sai in bari mu kai tsakiya in tambaye shi a hankali, wa ka jiranka a ƙetare? Ni ban taɓa tura kowa ba, ban taɓa danne kowa ba. Magana nike musu. Kowane ɗan Adam akwai maganar da in ya ji ta hannunshi ya mutu. Ita nike nema. In na same ta sai in buɗe tahina, in jira.”

Tsikar jikinmu ta tashi, mu yi dariya, mu ce a ƙara. Ba zan ɓoye ba, daɗinsu nake ji fiye da kowa. Har tsiya nake masa, in ce, “Baba, wannan Gulbi naka ai ya san sana'arka.” Sai ya yi murmushi ya ce, “Amarya, maƙwabci ai ya san cikin maƙwabci.”

Kusan kowace damina ruwa yakan ci mutum, kuma yawanci baƙi ne: masu zuwa ziyarar kaburburan waliyyan da ke kewaye da tafkin, ko fatake, ko wani mai wucewa. Mu ce kwana ya ƙare, a yi masa sutura, a koma gona. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce don me kullum baƙo.

A gidanmu akwai gwaggon maigidana, ita ce mai wankan gawar mata a unguwar. Ba mu cika shiri ba, don ita magana kamar sayenta take yi. Ita ta zaɓe ni in riƙa zuba mata ruwa in tana wanka, ta kuma gaya mini dalili ba ɓoyo, ta ce bakina na buƙatar linzami. Ranar farko ta sa na rantse cewa duk abin da na gani a jikin mamaciya ba zai fita daga bakina ba, ko ga mijina. Ta ce mamaci ba shi da hannun da zai rufe kansa, mu ne hannunsa.

Sai shekarun fari suka zo, yunwa ta koro mutanen arewa suna ta gangarowa kudu. Mu ma ruwan sama sai a hankali, amma gulbi ba ruwansa da samanmu. In an yi ruwa can wajen Katsina sai ka wayi gari ka iske shi cike yana kumfa, gonarka kuwa tana ƙuna. A farkon irin wannan damina ne mata masu wanki suka hango wata mace a maƙale cikin saiwoyi, a kwanar da gulbi ke lanƙwasa. Gwaggo na kusa. Kafin maza su iso ta riga ta lulluɓe ta da zane daga kai har ƙafa.

Mu biyu muka wanke ta. Doguwa ce, ƙashi da fata, ba wanda ya san daga ina take. Hannunta na hagu a dunƙule yake, sai da na sa ruwan ɗumi na buɗe yatsun a hankali. Nan na ga ɗan cindo, yatsa na shida, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, kwance cikin tafin. Na dubi Gwaggo, ta dube ni, ta miƙo mini ganyen magarya muka ci gaba.

Mutanen maigari suka tambayi masu fito ko wani ya ɗauke ta. Baba ya ce shi ranar yana kasuwar Ɗan Issa, bai taɓa sa ta a ido ba, ko gawar ma bai gani ba. Aka ce ta yi ƙoƙarin ƙetarewa ne da ƙafa, aka binne ta a bakin gaɓa.

Bayan ƴan makonni ruwa ya ɗan ja, Baba ya zo gindin kuka. Ya buɗe, na amsa, ya fara. Ɗiyata ta fari tana goye a bayana, ina feɗe kifi.

“Wata shekara wata ta zo mini,” in ji shi, “doguwa, ba ta da kaya sai ƴar ƙwarya. Da munka kai tsakiya na ce, wa ka jiranki? Ta ce ɗanta, ya riga ta tahiya kudu neman abinci. Na ce, wani saurayi mai kama da ke? Ai ta wurina ya biyo, yana cikina. Ba ta yi kuka ba. Yatsunta dai sunka hwara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan cindo a hannunta na hagu, ko ƙashi babu balle ya riƙe wani abu, amma shi na ji ya goge ni na ƙarshe.”

Wuƙa ta zame ta yanke ni, ban ji zafi ba sai da na ga jini a kan kifin. Ya kai ƙarshe, mata suka yi ta Allah ya tsare suna dariya. Ni da ba a rasa ni da tsiya, na sunkuya kan kifina. Sai na ji muryarsa a kaina.

“Amarya, yau ba ki ce komi ba.”

“Hayaƙi ne, Baba.”

“Hayaƙi,” ya maimaita. Ya daɗe yana kallon yatsana. “Ke kika zuba ma Gwaggo ruwa rannan, ko?”

Na ce e.

“Allah shi ba da lada,” ya ce, ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba. Maigidana yana bin kamyo, babbar motar kaya, suna kai wake da gyaɗa iyakar ƙasa, sai ya yi kwanaki bai kwana gida ba. Da ya dawo na ce masa ban yarda da mai fiton nan ba. Ya ce me ya yi, na ce tatsuniyarsa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, “To tashi mu je gaban jandarma ki ce tatsuniya ta ba ki tsoro.” Maganar cindo tana bakina, rantsuwa ta danne ta.

Gwaggo kaɗai nake iya gaya wa, tunda tare muka gani. Na same ta tana kaɗi, na zayyana mata. Mazarinta bai tsaya ba.

“Cindo ba ita kaɗai ka da shi ba a duniya,” ta ce.

“Gwaggo, ya ce bai taɓa ganinta ba.”

“Matar nan ba ta da kowa, ba ta da komi sai asirin jikinta. Shi ma ki kai shi ƙohwar maigari a yi ta juya shi?”

Raina ya ɓaci, na ce, “To mu zauna, shi yana kawowa mu muna wankewa?” Maganar ta fi ƙarfin bakina ga babba, na sani. Ta ci gaba da kaɗinta, na fita ina huci.

Da marka ta kama, gulbi ya cika fiye da yadda na taɓa gani. Wata safiya wani ɗan ƙauyenmu da ke wucewa kasuwa ya biyo ya ce innata ba lafiya, jikin ya yi tsanani, tana ta kiran sunana. Ƙauyenmu ƙetaren gulbi yake. Maigidana ba ya nan. Na aika a dubo masu fito, aka ce ɗaya kurkunu ya kwantar da shi, ɗaya ya tafi gonarsa mai nisa. Saura Baba.

Gwaggo ta ce in jira gobe. Na ce in na jira gobe na iske an binne ta, wa zai biya ni? Ta ce in bar yarinyar, na ce nono take sha, ban kuma san kwana nawa zan yi ba. Ta kalle ni ta ce, “Tahi.” Ko Allah ya kiyaye ba ta ce ba. Na goya ɗiyata na fita ina jin haushinta.

Rana ta take na isa. Kowa yana gona, bakin gulbi ba kowa sai Baba, zaune kan goransa kamar wanda aka yi wa alƙawari. Ya gaishe ni da fara'a. Da hannunsa ya shimfiɗa zanena cikin goran, ya karɓi yarinyar tana barci ya kwantar da ita a hankali, har yana gyara mata kai. Na yi bismilla na shiga ruwa, na miƙa masa hannuwana.

Ƙafata ta bar ƙasa. Ruwan ja ne, sanyi, yana jan zanen jikina. Fuskarsa tana gabana a saman goran, kusa har ina ganin furfurar gemunsa tana ɗiga. Bayansa gaɓar da na baro tana nisa. Da muka kai inda ruwan ke da ƙarfi, sai na ji ya rage harbin ƙafa.

“Amarya,” ya ce ƙasa-ƙasa, da muryar nan ta gindin kuka, “wa ka jiranki a ƙetare?”

Na ce, “Innata.”

“Allah sarki.” Ya girgiza kai. “Ashe ba a hwaɗa miki ba. Bayan na ƙetaro da ɗan saƙon nan na koma, na iske wani daga garinku yana neman wanda za ya kai labari. Innakki ta cika tun hantsi.”

Na san dabararsa, da kunnena na ji ta ba sau ɗaya ba. Sanin bai amfane ni da komai ba. Maganar ta shiga, na ga fuskar innata, na ji ƙarfi yana zarewa daga kafaɗata zuwa gwiwar hannu. A daidai nan na ji tafinsa ya buɗe. Bai fizge ba, bai tura ni ba. Yatsunsa dai suka saki tsintsiyar hannuna, ya bar nawa riƙon shi kaɗai, yana kallona yana jira. Ya daina harba ƙafa gaba ɗaya, ruwa ya ɗauke mu yana gangarawa da mu wajen kwanar nan mai saiwoyi.

Yarinyar ta farka. Kukanta ya fito daga cikin goran da amo, kamar daga rijiya. In na saki, ni ruwa zai tafi da ni, ita kuwa tana hannunsa. Wannan tunanin ne ya juya tsoron ya zama fushi, irin fushin da innata ta sha dukana a kansa. Na kafa farcena cikin fatarsa har na ji sun shige.

“Ko ta cika sai na je, Baba,” na ce. “Ni zan wanke ta. Aikina ne.”

Bai ko motsa ba, jini na bin hannunsa ruwa na wankewa. “Ai hannu gajiya yake yi, amarya,” ya ce. “Ni ba ni da gaggawa.”

Gaskiya ya faɗa. Yatsuna sun fara zamewa, ruwa na dukan haɓata, na sha na ƙware. Sai can bayan kafaɗarsa na hango wani abu yana gangarowa daga gaɓar Madarumfa, yana bin bakin ruwa daidai da mu. Mace ce, tsohuwa, tana sauri tana tuntuɓe, ta ɗaga wani abu sama da hannu biyu. Na gane ƙwaryar kafin in gane mai ita. Baƙar ƙwaryar nan ce mai ɗinki a baki, wadda muke wankan gawa da ita.

“Akwai mai jirana,” na ce. “Waiwaya ka gani.”

Bai waiwaya ba. Sai muryar Gwaggo ta ratso ruwan, muryar da ban taɓa jin an ɗaga ta ba.

“Mai hito! Ga ni tsaye, ga ƙwaryata. In ka kawo mini wagga a kwance, yau bakina za ya buɗe!”

Ta sake faɗa, ta sake, har na hango kawuna suna ɗagowa daga cikin gero a gonakin bakin gulbi. Ya kafa idonsa cikin nawa. Saiwoyin nan suka matso har ina ganin ciyawar da ta maƙale musu. Sannan na ji yatsunsa sun koma sun kama tsintsiyar hannuna. Ya yi murmushi.

“Gwaggonki ba ta san wasa ba,” ya ce, ya fara harba ƙafa.

Da muka kai gaɓa yatsuna suka ƙi buɗewa. Shi ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda na yi wa matar nan. Na ciro ɗiyata, na goya ta a kan jiƙaƙƙen zane, na kama hanya cikin gero ina kuka. Ban san ko ƙarya ya yi ba ko gaskiya. Duk tafiyar kunnena yana gaba, ina sauraron koke daga garin. Na shiga gida na iske kaji na kiwo a tsakar gida, na ɗaga asabarin ɗakin innata.

Tana kwance, ta rame, idonta a buɗe. Ta juyo ta ce, “Kin daɗe. Tun sahe nike jiranki.”

Na durƙusa a gabanta. Ta ga farcena da jini ta tambaye ni, na ce kifi ne.

Sai da ta samu sauƙi, ruwa kuma ya ja har ana ratsawa da ƙafa, na koma. Gwaggo ba ta ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Asirin matar nan bai fita daga bakinmu ba. Amma masu noma sun ji abin da ta faɗa a bakin gulbi, gari kuwa ya ɗauka. Ranar da na koma wurin bandar kifi sai ga Gwaggo ta biyo ni da mazarinta, ita da ba ta taɓa zama gindin kukar nan ba.

Baba ya zo kamar kullum, ya zauna a kan turmi. Tsintsiyar hannunsa duka biyu da ɓawon miki, shaidar farcena a jere.

“Gatanan gatananku,” ya ce.

Mata suka juyo suna kallona, don ni ce mai riga kowa. Na ci gaba da feɗe kifina. Ya sake faɗa, ya ɗan ɗaga murya. Wata ƴar yarinya ta buɗe baki ta ce, “Ta zo,” uwarta ta toshe mata baki da tafi. Ba abin da ake ji sai ƙarar itace a wuta da mazarin Gwaggo. Tatsuniya kuwa ba ta fitowa sai an amsa mata. Ya zauna yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya jawo hannun riga ya rufe mikin. Can ya tashi, ko rigar bai kaɗe ba.

Kafin a yanke gero aka wayi gari ɗakinsa a buɗe, ba shi ba goransa. Ba jandarman da ya zo, ba a kuma tabbatar da komai a kansa ba. Ba zan ce ruwa ya daina cin mutane ba, gulbi gulbi ne. Amma daga wannan shekara, in muka ga baƙuwa za ta ƙetare, ɗaya daga cikinmu takan ajiye kifi ta bi ta har bakin gaɓa, ta tsaya inda mai fito zai ji, ta ce, “Sauka lahiya, muna jiran dawowarki.” Baƙin har mamaki suke yi, don ba su san mu ba.

Ɗiyar nan da aka kwantar cikin gora yau tana da jikoki, kullum tana yi mini tsiya wai na cika hana yara tatsuniya. Ban hana ba. Abin da ke zuwa mini dai in damina ta kama shi ne, ba mu kaɗai ke da gulbi ba. Ya tafi da goransa, ya kuma iya labari, kuma ko'ina ya sauka zai samu mai baki irina da za ta riga kowa amsa masa.